Yarona ya san sunan komai, amma launi ya gagare shi

"Assalamu alaikum Malama. Yarona shekararsa uku da wata biyu. Bakinsa ya buɗe sosai, ya san sunan kusan duk abin da ke cikin gida, yana ƙirga ɗaya zuwa goma, har Fatiha ya haddace. Amma launi ya gagare shi. Duk abin da na nuna masa sai ya ce ja ne, ko da shuɗin bokiti ne. A makaranta suna rera waƙar kaloli da Turanci, ya iya ta tsaf, amma in na ɗaga abu na ce wace kala ce wannan, sai ya faɗi duk wadda ta zo bakinsa. Kakarsa ta ce in ƙyale shi, babansa kuma ya fara cewa ko idonsa ne. Ni dai ba ni da halin sayen kayan wasan nan masu tsada. Me zan yi masa a gida?" Wata uwa daga Zariya.

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya raya mana shi, ya yi masa albarka. In na fahimce ki, tambaya biyu kika haɗa: ko akwai abin da ke damun yaron, da kuma yadda za ki koya masa da abin da ke hannunki. Na daɗe ina koyar da 'yan rabin aji, kuma da wuya zangon karatu ya ƙare wata uwa ba ta tare ni a bakin ƙofa da wannan maganar ba. Abin da kika kwatanta shi ne abin da muka fi gani ga ɗan shekara uku. Kaka tana da gaskiya cewa babu abin ɗaga hankali. Inda zan ɗan saɓa mata, cikin ladabi, shi ne batun ƙyalewa, don akwai abin yi, kuma kayan aikin suna cikin kicin ɗinki.

Me ya sa launi ya fi sunan abu wuya

Idon yaro mai lafiya yana rarrabe launuka tun yana ɗan wata huɗu ko biyar. Wahalar tana wajen kalmar. Kofi abu ne: yaro zai ɗauke shi, ya sha ruwa da shi, ya wurgar, ya ji ƙararsa. Duk inda ya ga irinsa ya san kofi ne. To ina abin da ake kira ja, da zai ɗauka ya juya? Yau an ce masa tumatir ja ne, gobe hular babansa, jibi akuyar maƙwabta, kuma babu abin da ya haɗa ukun nan a idon yaro. Ko jan nasu ma ba iri ɗaya ba ne, don jar akuyar nan ta Sakkwato da Maraɗi in kin ajiye ta kusa da tumatir ta fi kama da ruwan ƙasa. Muna neman yaro ya ajiye siffar abu da girmansa da ɗanɗanonsa da amfaninsa, ya riƙe hali guda ɗaya tak, sannan ya gane shi a jikin wani abu daban. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne ga kan da bai wuce shekara uku a duniya ba.

Ki lura da wani abu. In kin ce wace kala ce, ba ya ce miki "bokiti", ba ya ce miki "uku". Yana ce miki "ja". Ya riga ya gane cewa tambayar nan sunan launi take nema, saura ya san wane suna ke tafiya da wane launi. Ni a wurina yaron da ya kai nan ya ci rabin hanya.

Ba yau iyaye suka fara wannan fargabar ba. Charles Darwin, masanin halittun nan na Ingila, ya rubuta a 1877 cewa biyu ko uku cikin 'ya'yansa sun kai lokacin sanin sunan duk kayan gida amma suka kasa kiran launi daidai, har ya taɓa yanke cewa ba sa ganin launi ne, daga baya ya ga fargabar banza ce. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, kuwa, a jadawalin girman yara da ta sabunta a 2022, abin da ta ajiye ga ɗan wata 30 shi ne ya iya nuna launi ɗaya in an ce masa wanne ne ja. Faɗin sunayen wasu launuka da bakinsa sai a shekara 4 ta sa shi. Yaronki yana tsakanin biyun, watau yana kan lokacinsa.

Sannan harshenmu ma yana da nasa rikicin. Fari da baƙi da ja su ne launukan da suka fi kafuwa a Hausa, kuma ba mu kaɗai ba ne: a 1969 wasu masana biyu, Brent Berlin da Paul Kay, suka kwatanta harsuna da dama, suka lura cewa in harshe yana da tushen sunan launi uku kawai, to waɗannan ukun ne. Da yake sun kafu, mun ɗora musu kaya iri-iri. Yaro yana jin baƙin shayi alhali abin da ke kofin ja-ja ne. Yana jin wance fara ce, ya duba ya ga ba ta yi kama da alli ba. Yana jin farin ciki da baƙin ciki da jan aiki, babu wanda ya ga launinsa. Ga kuma sauyin jinsi: farin zakara, farar kaza, fararen kaji, shuɗin bokiti, shuɗiyar riga. Mu manya ba ma ko jin bambancin, amma kalmomi ne daban-daban a kunnen yaro. Ja ita ce gajeriya, namiji ja mace ja, kuma ina zaton shi ya sa yaranmu da yawa ke fara kama ta su yi ta rabawa kowa.

Sai dai Hausa ta biya mu ta wani gefen. Ruwan goro, ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan ɗorawa, ruwan hoda, ruwan hanta, ruwan zuma, ruwan bula: kowane suna ya zo da darasinsa a goye. Rawaya ma sunan tsiro ne da ake samun rini daga saiwarsa, shuɗi kuma ɗan'uwan shuni ne. Bature sai ya nemo hoto kafin ya nuna wa ɗansa launin toka. Ke murhu kawai za ki je.

Waƙar makaranta kuwa, ba laifi ba ce, amma hadda ce. Yaro zai jero red, yalo, bulu, girin kamar yadda yake jero ɗaya zuwa goma ba tare da ya iya ɗebo miki dabino huɗu ba. Shawarata a gida ki tsaya kan harshe ɗaya, wanda kuka fi yi da shi. In ya riƙe ma'anar ja da Hausa, ɗora mata sunan Turanci aikin kwana biyu ne. In kuma a gidanku yalo kuke cewa ba rawaya ba, ki ci gaba da yalo ɗinki, kada dai yau ki ce wannan gobe ki ce wancan.

Hannu kafin baki

Ga kuskuren da na yi a shekarata ta farko, don kada ki maimaita. Na ware mako guda na ja. Na kawo tumatir aji, na zana tumatir a allo, muka yi ta "tumatir ja, tumatir ja" har ranar Alhamis. Ranar Juma'a na ɗaga jan kofi na ce wace kala ce, wani yaro ya miƙe da ƙarfinsa ya ce "Tumatir!" Sauran suka amsa masa. Laifina ne ba nasu ba. Na ɗaure launin a jikin abu guda, kuma ban ajiye wani launi kusa da shi ba da za su ga bambanci. Ba a gane ja sai ga wanda ba ja ba a gefensa.

Abin da ya gyara mini aiki shi ne tsarin Maria Montessori, likitar nan 'yar Italiya da ta buɗe gidan yaranta na farko a birnin Rum a 1907. Kayan koyar da launi nata 'yan alluna ne masu girma ɗaya da siffa ɗaya, launi kaɗai ya raba su, kuma akwatin farko ja da rawaya da shuɗi ne kawai, bibbiyu. Hikimar ke nan gaba ɗaya: a kawar da duk wani bambanci sai wanda ake son yaro ya gani. Ba sai kin sayi akwatinta ba. Cokulan roban nan na kasuwa sun isa, ko ki roƙi tela ya tara miki ƙyallayen yadi marasa zane, ki yanka su daidai da juna. Atamfa ba ta yi a nan, launukanta sun yi yawa.

Ki fara da launi biyu masu nisa da juna, ja da shuɗi misali, cokali biyar-biyar. Ki shimfiɗa tabarma, ki ajiye kwano biyu, ki sa jan cokali a ɗaya, shuɗi a ɗayan. Ki ɗauki na uku ki ce "ina 'yan'uwansa?", ki ɗan yi kamar kina nema, ki sa shi inda ya dace. Sai ki tura masa sauran. A wannan matakin kada ki tambaye shi sunan komai. Hannunsa ne ke karatu.

Akwai wata yarinya da na koyar, ta yi kusan wata biyu ban ji muryarta a aji ba. Rannan tana raba cokula, sai na faki idonta na jefa shuɗi cikin kwanon jajaye. Ta tsaya. Ta dubi kwanon, ta dube ni, ta sa 'yan yatsu biyu ta tsamo shi kamar ta tsamo ƙuda daga fura, ta ce "Anti, ba nan ne gidansa ba." Ba ta san kalmar shuɗi ba a ranar, amma ta san launin sarai. Ki yi wa yaronki wannan dabarar. In ya kama ki, to idonsa yana rarrabe launukan biyu, kuma zai ji daɗin cewa yau shi ya gyara wa Mama.

In rabawa ta zauna, sai suna ya shigo, a matakai uku da Montessori ta ɗauko daga wani likitan Faransa, Édouard Séguin. Da farko ke ce mai faɗa: wannan ja ne, wannan shuɗi ne. Na biyu shi ne mai nunawa: miƙo min ja, ɓoye shuɗi a bayanka, kai wa Kaka ja, ɗora shuɗi a kanka. A nan za ki daɗe, kwanaki ko makonni, don a nan kalmar ke kama gindinta, kuma yaro yana motsi yana dariya bai san karatu yake ba. Na uku, can ƙarshe, shi ne tambayar da kika fara da ita: wace kala ce wannan? Yawancinmu daga na ukun muke farawa, shi ya sa muke ganin kamar yaro ya kasa. In ya yi kuskure kada ki ce a'a. In kin ce ja ya miƙo shuɗi, ki karɓa ki ce "ka kawo shuɗi, to ga ja nan", ki wuce.

Akwai kuma wata 'yar dabara ta jera magana. Michael Ramscar da abokan aikinsa a jami'ar Stanford sun gwada ƙananan yara, suka ga sun fi kama sunan launi in an fara ambaton abin sannan launin ya biyo baya. Dalilin a fili yake: in kin fara da sunan abin, idon yaro ya riga ya sauka a kansa kafin launin ya iso kunnensa. Turanci ya fi son sa launi a gaba. Mu kuwa muna da hanya biyu, muna cewa jar hula, muna kuma cewa hular nan ja ce. Ki riƙa zaɓar ta biyun in kina koyarwa: kofin nan shuɗi ne, takalminka baƙi ne. Kuma ki ƙara masa gishirin da Hausa ta tanada, don yara suna son kalma mai daɗin faɗa: ja wur, baƙi ƙirin, fari tas, kore shar. Na ga yaran da suka riƙe "shar" kafin su riƙe "kore".

Darasin kicin

Wanda ya fi kowanne tasiri a ajina shi ne zoɓo. Ki jiƙa shi ki tace, ki sirka da ruwa ya yi haske-haske, ki zuba a kofunan gilashi uku ko gorar ruwa da kika yanke. Na farko a bar shi yadda yake. Na biyu shi zai matsa lemun tsami da hannunsa, ya ga jan ya ƙara haske ya buɗe. Na uku ki ɗiga ruwan kanwa kaɗan-kaɗan yana kallo: jan zai gudu, ruwan ya rine ya koma duhu, kore-kore ko baƙi-baƙi gwargwadon yawan kanwar. Sai ki ba shi lemun tsami ya matsa a ciki, jan ya fara dawowa. Abin da ke ba zoɓo launinsa yana sauyawa ne da tsami da kishiyarsa. Amfanin wannan ga yaro shi ne kofi bai canza ba, ruwa bai canza ba, launi kaɗai ya tafi ya dawo a gaban idonsa. Abin da muke ta fama ya gane ke nan, cewa launi daban, abin da ke ɗauke da shi daban. Kofin kanwar dai ba na sha ba ne, ki zubar da kanki.

Kurkum ma haka: ruwansa rawaya ne, in ya haɗu da kanwa ko sabulu ya juya ja. Lalle kuma an ƙunsa shi kore, an wanke ya bar ja. Ki sa masa ɗigo ɗaya a tafin hannu, lallen gargajiya zalla, ban da baƙin da ake haɗawa da dayis, wannan yana ƙona fatar wasu yaran.

In kina son fenti, ki dama sitaci ko kamu ya yi kauri kamar koko, ya huce, ki raba a 'yan kwanoni. Wani ki sa zoɓo mai kauri, wani kurkum, wani garin kuka ko dakakken zogale, wani garin gawayi, ɗaya ki bar shi fari. Ki ba shi bayan kwali ko tsohon faranti ya yi ta dangwala da yatsa. Zai ɓata jikinsa, ki cire masa riga tun farko ki huta. Kalar abincin nan da masu kek ke saye ita ta fi dacewa da darasin gauraya: shuɗi a kwano ɗaya, rawaya a ɗaya, ya haɗa da kansa ya ga kore ya fito. Kada ki riga shi faɗa. Ko ki kwaɓa fulawa kofi 2, gishiri kofi 1, ruwa kofi 1, ki raba curi biyu kowanne da kalarsa, ya yi ta murzawa har su zama ɗaya. Fentin bango da na mai kuwa kada su zo kusa da shi, haka attaruhu komai kyan jansa, don hannun yaro ba ya nisa da idonsa. In akwai ƙani mai rarrafe, ki kawar da duwatsun ado da maɓallai da duk abin da zai shige baki.

In hanya ta kawo ku Kano, ki kai shi marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take. Ku tsaya har marini ya ɗago zane daga rijiyar baba. Yana fitowa da kore-kore, iska na bugunsa yana komawa shuɗi. Na taɓa kai 'yan aji, suka yi tsit kamar an ɗauke wuta, sai wani ya ja mayafina ya ce a sake.

Sauran kuwa aikin yau da kullum ne, ba sai an zauna ba. Ranar wanki ya ware miki farare gefe. In an kawo cefane ya raba tumatir da kuɓewa. A hanya ku nemi kore a tutar Najeriya, ku jira danja ta sauya. Minti biyar zuwa goma ya isa zama ɗaya, in ya tashi ki bar shi. Abu ɗaya da zan roƙe ki: a rage yi masa jarrabawa a gaban baƙi, kuma a hana yayyensa dariya in ya kuskure. Yaron da aka yi wa dariya sau biyu yakan koma cewa "ban sani ba" ko ya sani.

Maganar babansa

Ba za a yi watsi da ita ba, don akwai masu matsalar rarrabe launi, kuma ta fi yawa ga maza nesa ba kusa ba. A cikin Turawan arewacin Turai kusan namiji 1 cikin 12 ne, mace kuwa 1 cikin 200, a Afirka adadin bai kai haka ba. Wadda aka fi samu ita ce ta rikita ja da kore da ruwan ƙasa. Gado ce, kuma ɗa namiji ta wajen uwa yake ɗaukarta, don haka ki tambaya ko mahaifinki ko cikin 'yan'uwanki maza akwai mai irin wannan. Ba abin gori ba ne ga kowa, halitta ce.

Kiran komai ja ba alamarta ba ce. Alamar tana wajen rabawa, inda ba a bukatar suna. In ya raba ja da shuɗi ba kuskure, ya raba rawaya da shuɗi, amma kullum in an haɗa masa ja da kore masu duhu ɗaya sai ya cakuɗa su, kuma abin ya ci gaba har wajen shekara huɗu zuwa biyar, to ku je asibitin ido. Suna da gwajin da wani likitan Japan, Shinobu Ishihara, ya fitar a 1917, faifai masu ɗige-ɗigen launi da lamba a ɓoye ciki, akwai kuma na yaran da ba su san lamba ba, su bi layi da yatsa. Ni malama ce ba likitar ido ba, iyakata in ce ga wanda ya kamata a duba. Irin ta gado ba ta da magani, amma ba makanta ba ce, kuma sanin ta da wuri yana hana malami ya ɗauki yaro daƙiƙi ko mai taurin kai. Abin da ba ya jira kuwa: in kin ga ido ɗaya yana karkacewa, ko yana manna abu a fuska kafin ya gani, ko wani fari-fari a tsakiyar baƙin idon, ko da a hoto ne, kada ki tsaya wasan cokula, ku tafi asibiti a makon.

In babu ko ɗaya cikin waɗannan, ki sayo cokulanki. Mako biyu na farko rabawa kawai, ja da shuɗi, sannan ki ƙara rawaya. Ki sa Kaka cikin wasan, a riƙa kai mata ja tana mayarwa tana cewa shuɗi ta aika a kawo. Ki rubuto min abin da ya yi ranar da kika jefa cokali a kwanon da ba nasa ba. A gaida Kaka da maigidan.